Biko Ta Eriya

Shekarar da aka sa dokar ta-ɓaci aka ɗauke sabis ɗin waya a Adamawa, kowa a Jimeta get yake so a yi masa, wato ƙofar ƙarfe. Mai gida yana so, coci tana so, masallaci yana so, har mai kiwon kaji a bayan gida ya ce a yi masa mai sakata biyu. Ƙarfe kuwa ya yi wuya. Manyan motoci sun rage shigowa, wadda ta yi ƙarfin hali ta taso ma sai ta yini a shingen sojoji ana sauke kaya ana mayarwa. A cikin wannan hali ne Jibrilla mai walda na unguwar Limawa ya jawo wa kansa magana.

Jibrilla dogo ne, ya haura hamsin, idonsa kullum ja saboda wutar walda. Taurin kai kuwa ba a magana. Likita ya taɓa ce masa ya riƙa sa baƙin gilashi in zai yi aiki, ya ce wa likitan shi ya fara walda tun likitan yana rarrafe.

Yayan matarsa, Hamma Salihu, gidansa na bayan layinsu, in ka tsaya a bayan shagon Jibrilla kana hango kan mangwaron gidan. Shi ya ba shi aikin get, ya kuma hana shi sakat, kullum da safe ya biyo ya tambaya. Jibrilla ya haɗa get saura kai da ƙafa, ƙarfe ya ƙare. Ya shiga sito a gidansa neman guntaye, sai ya ci karo da gadon ƙarfen matarsa Safiyatu a kwakkwance, an jingine shi da bango, ƙura ta rufe shi. Gadon aurenta ne, wanda marigayiya Dada, mahaifiyarsu, ta yi mata. A kansa akwai furanni da wasu tsuntsaye biyu suna kallon juna. An kwance shi tun lokacin da suka sami na katako. Jibrilla ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙarfe irin na da, mai nauyi, wanda yanzu ko da fitila ka nema ba ka samu. Bai tambayi kowa ba. Ya kwasa ya yi shago da shi.

Get ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Ran Juma'a Safiyatu ta dama kunun gyaɗa ta ɗauka za ta kai wa yayanta. Ta iso ƙofar gida ta ɗaga kai, sai ga tsuntsayen Dada a sama an shafe su da koren fenti. Nan take ta gane su. Sannan ta tura get ta shiga. Da yamma matar Hamma Salihu ta leƙo shago ta ce da Jibrilla, "Adda Safiyatu ta ce a gaya maka, tunda gadonta yana can, can za ta riƙa kwana."

To, da Jibrilla ya yi shiru ya sa hula ya zagaya, da kafin magariba an gama. Sai ya tafi majalisa.

Majalisar tasu teburin Bobboyi mai shayi ne, a bakin kwana. Nan Apollos ɗan fansho yake yini da tumbinsa da rediyonsa, nan Ɗanburam mai faci yake zama in babu taya, kuma tunda aka taƙaita zirga-zirga babu taya. Labari ya riga Jibrilla isowa.

"Oga Jibrilla," in ji Bobboyi yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, "yaushe za mu raka ka biko?"

"Biko? Ni? A kan tsohon ƙarfen da ɓera ke fitsari a kai?" Ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Ku shaida. Ba zan je ba, ba zan aika ba. Da ƙafarta ta tafi, da ƙafarta za ta dawo. Mace ai kamar rodi ce, in ka bar ta ta ji wuta da kanta za ta lanƙwasa."

Apollos ya ce, "Ka yi a hankali fa, my friend. Wani rodin in ya ji wuta hannunka yake ƙonawa."

"Kai ka saba, Madam ke juya ka."

Kwana ya yi kwanaki, rodi bai lanƙwasa ba. 'Yarsu ɗaya ce, Aminat, tana aure a Yola Gari, saboda haka gidan ya zama daga Jibrilla sai ƙadangaru. Ya dafa shinkafa ta ƙone, ya sake dafawa ta zama kunu. Amma ba cikin ne ya fi damunsa ba. In ya taso daga shago ya turo ƙofa, babu mai ce masa ya cire wannan ƙazamar rigar kafin ya zauna mata a kujera. Shekara da shekaru yana jin haushin wannan maganar, yanzu ga shi yana tsayawa a tsakar gida yana jiran ta. Da akwai sabis da ya shiga banɗaki ya kira ta a ɓoye. Babu. In ya aiki mutum kuwa, kafin ɗan aiken ya kai get Limawa ta ji.

Ana nan sai Madam Keturah, matar Apollos, ta zo shago da wani abu a cikin kular abinci. Malama ce a makarantar koyon sana'a, lantarki take koyarwa, kuma aminiyar Safiyatu ce, tare suke zuwa kasuwa. Ta waiga dama da hagu, sannan ta buɗe kula. Wani ɗan allo ne shuɗi kamar hanjin rediyo, wayoyi sun fito masa ta ko'ina, da ɗan gilashi mai nuna rubutu, da eriya kamar yatsa.

"Baban Aminat, akwati nake so ka yi mini da gwangwani. In soja ya ga wannan a buɗe da wayoyi haka, ba zai tsaya jin bayani ba."

"Mene ne shi?"

"Na koyar da ɗalibai ne. Ka jona masa batir da kibod ɗin kwamfuta, ka rubuta magana, ka danna, sai ta fito a gilashin ɗan'uwansa. Ba ruwansa da sabis."

Jibrilla ya ajiye guduma. "Ba waya tsakaninsu?"

"Ta iska. Amma ba ya nisa. Daga nan zuwa ƙarshen layi, in katangu ba su yi yawa ba. Kuma ka bar wa eriya ƙofa a waje, in ka rufe ta cikin ƙarfe magana ba ta fita."

Jibrilla ya kalli bayan shago, wajen mangwaro. Ya yi gyaran murya. Ya ce zai yi mata akwati ko nawa take so, amma ta ara masa guda biyu, yana so ya gwada wani abu ne kawai, na aiki. Kuma in ba damuwa, tunda tana shiga gidan Hamma Salihu, ta ajiye ɗaya a can, don ya ga ko yana kaiwa.

Keturah ba ta yi dariya ba, ta dai ciji leɓe. "Zan kai. Amma tsaya ka ji. Kowane allo akwai lambar da nake sa masa da kwamfuta, da ita yake gane wanda zai yi wa magana. Waɗannan duka lamba ɗaya na sa musu, saboda haka sai ka bari ran Litinin in ɗauko kwamfuta a makaranta in..."

"Madam, yana kai magana ko ba ya kaiwa?"

"Yana kaiwa, amma duk wanda..."

"To shi ke nan. Ni ƙarfe na sani, ban zo makaranta ba. Yau nake so."

Keturah ta buɗe baki za ta ƙarasa. Sai ta tuna maigidanta ya ba ta labarin rodi. Ta mayar da bakinta ta rufe.

Abin da Jibrilla bai tsaya ya ji ba shi ne, allunan uku ne. Na ukun yana ƙarƙashin teburin Bobboyi cikin katon ɗin madara. Keturah ce ta ajiye shi can don ta riƙa kiran Apollos gida kafin lokacin hana fita, don in an bar shi da rediyo sai soja ya sa shi tsallen kwaɗo. Daga Apollos sai Bobboyi suka san da shi. Kuma tunda lambarsu ɗaya, abin da ɗaya ya faɗa, sauran biyun sun ji.

Washegari bayan la'asar Jibrilla ya ja ƙofar shago ya saka sakata. Ya jona batir. Keturah ta ce masa in magana ta isa, wata 'yar fitila za ta ƙifta. Ya rubuta ya danna, ba ta ƙifta ba. Ya koma kusurwa, shiru. Ya ɗaga sama, shiru. Ƙarafan shagon ne suke shanye maganar. A ƙarshe sai da ya hau kan tsohon duro, ya zura akwatin ta 'yar tagar baya da hannu ɗaya, kibod a rataye a wuyansa da igiya, sannan fitila ta ƙifta. Haka babban mutum ya tsaya a kan duro yana neman haruffa da yatsa ɗaya, don karatun bokon nasa bai wuce na rubuta sunan mai get ba.

Gilashin layi biyu ne gajeru, magana kaɗan yake ɗauka. Keturah ta gargaɗe shi ya tafi kai tsaye ga abin da yake so. Shi kuwa ya ce ba a haife shi a daji ba da zai faɗa wa iyalinsa ba gaisuwa.

SALAMU ALAIKUM YA GIDA YA GAJIYA

Wuri ya cika. Ya danna. Ya sake wani, ya gaida Hamma. Ya sake, ya gaida matar Hamma da yara. Ya tambayi zafi, ya tambayi sauro. Har hannunsa ya sage bai fita daga gaisuwa ba. Can akwatin ya yi ƙara, rubutu ya fito. Ya kusa faɗowa daga duro don sauri.

GADONA

Ya jira saura. Babu saura. Ya rubuta, TSOHON KARFE NE FA. Daga nan ko ƙifta ido gilashin bai sake yi ba.

A bakin kwana kuwa, katon ɗin madara ya yi ta kuka har Bobboyi ya ɗauka Madam ce ke neman mijinta. Apollos ya sa tabarau ya leƙa. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ɗanburam ya ce mene ne. Kafin a kira magariba mutum ukun nan sun yi rantsuwa ba wanda zai ji, kuma sun ja benci kusa da katon.

Jibrilla ya wanke fuska ya iso majalisa yana taku ɗai-ɗai.

"Har yanzu shiru?" in ji Apollos, fuska ba annuri kamar mai ta'aziyya.

"Ko sallama ban yi mata ba. Ta yi ta zama."

Bobboyi ya juya baya yana hura wutar da take ci da kanta.

Haka aka shiga yi. Kullum bayan la'asar Jibrilla ya hau duro, su kuma su kewaye katon kamar masu kallon ƙwallo. Da farko bayani yake yi, cewa ƙarfe ya yi wuya, cewa ai yayanta ya yi wa, ba bare ba. Shiru. Sai ya sauko kaɗan.

SHINKAFA TA KONE YAU MA

INA KIKE AJIYE GISHIRI

Amsa ta zo: INDA GADONA YAKE

Ran nan da ya zo majalisa, Ɗanburam ya zaro wani ɗan ƙulli a leda ya ajiye masa a gaba. "Na ga kamar ka faɗa, Jibrilla. Na ce ko gishiri ne ya yi ƙaranci a jiki."

Jibrilla ya dube shi, ya dubi ƙullin. Ya ce a ransa Ɗanburam dai tun yana yaro ba shi da cikakken hankali. Ya sa gishirin a aljihu, don yana bukata.

Da aka ƙara kwanaki, duro ya fara jin abin da ko bangon ɗakinsu bai ji ba tun haihuwar Aminat.

GIDA BA DADI BABU KE

NA GYARA MIKI MURHU

KUNUN GYADANA KI DAWO

Wannan sunan ya sa mata tun yana saurayi yana zuwa zance da keken aro. Da ya danna sai da ya waiga, ko da yake shi kaɗai ne a shago.

"Oga Jibrilla, sannu da zuwa," in ji Bobboyi da yamma. "Shayi za a haɗa, ko yau kunun gyaɗa kake sha'awa?"

Apollos ya ƙware da burodi, sai da aka bubbuga masa baya.

"Yaushe ka fara sayar da kunu?"

"A'a, tambaya ce. Don Allah, kar ka yi fushi."

Matsalar Jibrilla ita ce, ya faɗi komai ban da abu ɗaya. Ya yi kewa, ya yi kirari, ya yi alkawarin atamfa. Amma cewa ya yi laifi, yatsansa ya ƙi zuwa wajen. Safiyatu kuwa ta yi gum. Masu kallo suka fara gajiya. Apollos ya ce kar wanda ya taɓa kibod, Madam za ta kashe shi. Ɗanburam ya ce shi zuciyarsa ba za ta iya ba, mutum yana gaban raga kullum yana bugawa sama.

Ran nan Jibrilla yana kan duro, ya gama aika cewa ai ko Dada tana da rai za ta so get ɗin, sai akwati ya yi ƙara.

JIBRILLA KA CE KA TUBA MANA

Farko daɗi ya ji, magana mai tsawo haka. Ya sake bi harafi-harafi. Sai ya tsaya a kalmar farko.

Tunda aka ɗaura musu aure Safiyatu ba ta taɓa kama sunansa ba. Kafin haihuwa "ka ji" ne da "shi", bayan haihuwa Baban Aminat. Ko ranar da aka kwantar da ita asibiti, da nas ta tambayi sunan miji, ƙasa ta kalla sai da wata ta faɗa mata. Ko maƙwabci mai irin sunan, Mai Suna take ce masa. Matar da take fushi a kan gadon uwarta ba za ta zubar da tarbiyyar uwar a kan gilashi ba. Wannan ba hannunta ba ne.

Sai gishiri ya faɗo masa a rai. Sai kunun Bobboyi. Sai muryar Keturah tana cewa lamba ɗaya. Ashe majalisa na karanta komai. Wani mutum da kuka zai yi, ko ya fasa akwatin. Jibrilla gyara tsayuwa ya yi, ya lalubi haruffa a hankali.

SOJA SUN NUFO MAI SHAYI

SUNA NEMAN MAI AKWATI DA WAYA

Ya sauko, ya zare sakata, ya leƙa kwana.

Kai, abin ba kyau. Bobboyi ya rungumi katon ya yi gabas, ya tuna katon ɗin ake nema, ya dawo ya tura shi cikin buhun gawayi, ya yi yamma. Ɗanburam ya tsallake kwata da takalmi ɗaya. Apollos, da yake gudu ya bar shi tun zamanin da, sai ya zauna ya ɗaga hannu biyu sama shi kaɗai, rediyo na magana a cinyarsa. Butar shayi na ta tafasa ba mai ita.

Jibrilla ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don akwati ya sake ƙara a bayansa. Ya koma ya ɗauka.

KOWA YA KARANTA. NI INA JIRA

Wannan kam hannunta ne.

Ya sami Keturah a ƙofar gidanta tana tsince shinkafa.

"Madam, kin sani."

"Na fara gaya maka, ka ce ba ka zo makaranta ba."

"Ita fa?"

"Tun ranar da na kai mata na faɗa mata. Na ce in tana so in je in kwance na wajen Bobboyi. Ta ce a bar shi. Ta ce a gabansu ka ce mata rodi."

Abin da Jibrilla yake ta karewa ya riga ya zube a bakin kwana tun ranar farko, shi kaɗai ne bai sani ba. Ya juya.

Da safe ya ɗora janareto da injin walda da abin yanka a amalanke ya turo. Majalisa ta dawo mazauninta, kowa fuska a ɗaure.

"Wallahi ba ka kyauta ba," in ji Bobboyi. "A wannan zamani ana wasa da sunan soja? Allon Madam duk ya yi gawayi."

"Ni matata na rubuta wa. Wa ya ce ku karanta?" Ya nuna bencin da suke kai. "Ku tashi."

"Mu tashi mu je ina?"

"Bencin nan ƙarfena ne, aro na ba ka da za ka buɗe tebur. Yau ina so."

Suka tashi da kofuna a hannu, suna kallo ya ɗora benci a amalanke. Apollos ya shanye shayinsa ya ce ai biko ba a zuwa mutum ɗaya, ko ba a gayyace su ba za su raka. Ɗanburam ya bi baya yana ɗingishi. Bobboyi ya rufe buta ya ce shi ba rakiya zai yi ba, bencinsa yake bi.

Hamma Salihu ya fito da carbi a hannu, ya ga amalanke, ya ga mutane.

"Lafiya, Jibrilla?"

"Hamma, kan get ɗin nan zan cire."

"Get ɗina? A wannan hali da ake ciki? Ka bar ni a buɗe?"

"Kafin azahar na rufe maka da wani."

Hamma Salihu ya ɗaga kai ya kalli tsuntsayen. Ya ce shi ma tunda ya gane na Dada ne, in zai wuce ƙarƙashinsu sai ya ji kamar za ta tambaye shi ina ya kai canjin cefane. Ya ce a cire.

Jibrilla ya tayar da janareto. Ya yanke furanni da tsuntsaye a hankali, irin hankalin da bai yi ba ranar da ya ɗora su. Ya zare dogayen ƙarafan gefe da ya yi wa get ɗin ƙafa da su, ya yayyanka bencin Bobboyi ya maye gurbinsu. Bobboyi na tsaye yana salati duk sanda wuta ta taɓa bencin. Da ya kashe inji ya ɗago, sai ya ga Safiyatu a tsakar gida, ta lulluɓe, tana kallonsa ta tsakanin ƙarafa. Ba ta rame ba ko kaɗan. Wannan ma ya ba shi haushi.

"Hamma," in ji ta, "ka tambaye shi me ya kawo shi."

"Ka ji," in ji Hamma Salihu.

"Gyaran get na zo."

Ɗanburam ya yi wani irin nishi kamar an taka shi. Safiyatu ta juya za ta koma ɗaki.

"Tsaya." Jibrilla ya cire hula, ya goge fuska da ita, ya mayar. Ya kalli Apollos, Apollos ya kalli sama. "Biko na zo. Kayanki ne, na Dada ne, na ɗauka ban tambaye ki ba. Na yi laifi. Maganar rodi ma da na yi, baki ne."

"Hamma, janareto ya toshe mini kunne."

Janareto a kashe yake. Jibrilla ya sake faɗa, da ƙarfi, har matar gidan da ke kallon nasu ta leƙo ta katanga.

Hamma Salihu ya yi 'yar nasiha irin ta manya, rabi gare shi rabi gare ta, ya ce Safiyatu ta ɗauko mayafinta. Safiyatu ta ce mayafi yana jikinta, amma ita inda gadonta yake nan take kwana, kuma abin da take gani a amalanke ba gado ba ne, guntaye ne. In ya tsaya da ƙafafunsa a ɗakinta, a gaya mata.

Yinin ranar da safiyar washegari Jibrilla bai karɓi aikin kowa ba. Ya kankare koren fenti, ya haɗa, ya goge, ya shafa ruwan zinare a tsuntsaye. Sai dai ƙarafan gefen ya riga ya rage musu tsawo tun ranar da ya yi get da su, abin da aka yanke kuwa ya tafi. Ya haɗa da abin da ya samu. Keturah ta zo karɓar allunanta, ta ce yanzu ta ɗauko kwamfuta, in yana so ta ba shi lambarsa shi kaɗai da Safiyatu. Ya ce ta kwashe kayanta, shi ya gama da iska.

Bayan azahar Safiyatu ta shigo. Ta zagaya gadon, ta girgiza shi, ta shafa kan tsuntsayen da gefen mayafi. Ta zauna ta ɗan yi tsalle a kai. Sannan ta ce a fitar da na katakon a kai sito, daga yau a wannan za a riƙa kwana. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kuma ka cire wannan rigar kafin ka hau mini."

Ya cire da sauri. Ya hau ya miƙe don gwaji. Kansa ya tokari furanni, ƙafafunsa kuwa tun daga idon sawu suna waje suna reto.

Safiyatu ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Baban Aminat, ko ya yi gajere ne?"

Jibrilla ya kalli silin. Ya janyo gwiwoyinsa a hankali har ƙafafun suka shigo ciki.

"Ni dama haka nake kwanciya," in ji shi.